Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Harkokin Cikin Gida: Mai Sabunta Fasfo Ba Baƙo Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Ministan Harkokin Cikin Gida,
Dokta Olubunmi Tunji-Ojo,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

 Da gangan na rubuto wannan wasiƙa da Hausa. Na san a ma'aikatarka da Hukumar Shige da Fice ba za a rasa wanda zai karanta maka ita ba, kuma mutanen da nake magana a madadinsu da Hausa suke ƙorafinsu, a bakin ofisoshin fasfo da tashoshin mota da majalisun ƙofar gida, inda babu mai rubutawa. Maganata a kan mutum ɗaya ce: wanda ya riga ya mallaki fasfon Najeriya, wa'adinsa ya kusa cika, yana neman a sabunta masa.

Ba zan hana ka haƙƙinka ba. Da ka kama aiki a watan Agustan 2023, ka tarar da fasfo fiye da 200,000 waɗanda masu su suka biya kuɗi, aka ɗauki hotonsu, amma ba a buga ba. Ka ba da wa'adi, cikin 'yan makonni aka kwashe su. A Janairun 2024 aka buɗe tsarin da mai nema zai cike fam ya ɗora takardunsa ta intanet. A Nuwambar wannan shekarar aka fara sabunta wa mazauna Kanada fasfo ta manhajar waya ba tare da sun taka ofishi ba, daga baya aka faɗaɗa zuwa Turai. A Satumban 2025 kuma aka tattara aikin bugawa a cibiya ɗaya a Abuja. Duk wanda ya taɓa yin sintiri wata da watanni ana ce masa littafi ya ƙare, ya san an samu canji.

Amma ba a kyauta aka same shi ba. Kafin 1 ga Satumban 2024, bisa sanarwar hukuma da kanta, fasfo mai shafi 32 na shekara 5 naira 35,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 70,000. Daga ranar suka koma 50,000 da 100,000. Shekara ɗaya cif bayan nan, ranar 1 ga Satumban 2025, aka ninka su, suka zama 100,000 da 200,000. Mafi ƙarancin albashi da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato masinjan ofishi zai miƙa albashinsa na wata guda cur, har yanzu da sauran 30,000 a kansa. Magidancin da zai raka matarsa asibiti a Alƙahira ko Indiya ya fitar da 200,000 ke nan, tun bai tambayi kuɗin biza da na jirgi ba. Hukuma ta ce an yi ƙarin ne don kiyaye ingancin fasfon, ni kuma ban zo jayayya a kan haka ba, domin kowa ya ga abin da ya sami naira tun 2023. Sai dai Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An karɓi ladan, har ninki biyu. Askin nake tambaya.

Ranka ya daɗe, mai sabunta fasfo mutum ne da gwamnati ta sani ciki da bai. Tun 2007 Najeriya ta koma fasfo mai ɗauke da bayanan mutum a na'ura, a 2019 aka fito da wanda ya fi shi inganci. Duk wanda ke riƙe da koren littafin nan a yau, ya zauna a gaban jami'in shige da fice, an ɗauki hoton fuskarsa da zanen yatsunsa, an ga takardar ƙaramar hukumarsa da ta shekarunsa, wani ya tsaya masa. Yatsun nan nasa banki ya ɗauke su don lambar BVN, hukumar zaɓe ta ɗauka, kamfanin waya ya ɗauka, hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, ta ɗauka don lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Zanen yatsa ba ya sauyawa don shekara 5 ta wuce. To me ya sa ranar sabuntawa sai a koma da shi kusan matakin farko, ya nemi rana, ya yi asubanci, ya shiga layi ɗaya da wanda bai taɓa riƙe fasfo ba?

Na san amsar da za a ba ni: ai ga manhaja. Manhajar kuwa abu ce mai kyau ga wanda aka yi ta dominsa. Tana neman babbar waya mai kyakkyawar kyamara, da data, da sabis mai ƙarfi, da Turanci, da bayanan da babu saɓani ko ɗaya a cikinsu. Likita a Toronto yana da duka biyar ɗin. Dattijon da ya sayar da bijimai biyu a kasuwar Maigatari don ya koma Umara da ƙyar yake da ɗaya. Shi dole ya tafi ofishi, ofisoshin fasfo kuwa galibinsu a manyan biranen jihohi suke. Ka auna tafiyar mutumin Gembu zuwa Jalingo, ko na Nguru zuwa Damaturu, ko na Zuru zuwa Birnin Kebbi. Ka ƙara da halin da wasu hanyoyinmu suke ciki a Zamfara da Katsina da Neja da Borno, inda matafiyi sai ya yi sallama da iyalinsa kamar mai tafiya yaƙi. Sau biyu zai yi wannan tafiyar, ranar ɗaukar hoto da ranar karɓa. In aka yi rashin sa'a sabis ya ɗauke a ranar da aka ba shi, ya kwana a masallaci ko tasha, ko ya koma ya sake dawowa. Babu ko kwabo na wannan ɗawainiya a cikin naira 100,000 da aka rubuta a rasit.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganin yana hannun hukumar tun tuni. Ofisoshin jakadancinmu sukan ɗauki na'urar ɗaukar hoto da yatsu su kai ta biranen Amurka da Turai da ke nesa da su, su yi kwanaki suna yi wa 'yan Najeriya aiki. Na'urar da ta iya hawa jirgi ta tsallaka teku ba za ta kasa hawa mota ta je Gembu ba. Muna da mazaɓun sanata 109. Ko da sau biyu a shekara aka ce tawaga za ta sauka a babban garin kowace mazaɓa da babu ofishin fasfo, a sanar a rediyo mako biyu kafin ranar, masu sabuntawa kaɗai za a yi wa aiki, da an raba dubban mutane da hanya. Jami'an shige da fice ma akwai su a ƙananan hukumomi, ba sabbin ma'aikata za a ɗauka ba.

Sai maganar 'yan cuwa-cuwa. An ce komawa intanet zai kashe kasuwarsu. Ni malamin makaranta ne, a unguwarmu ni ake kawo wa waya in duba saƙo ko in cike fam, saboda haka ina ganin abin da ido. Ba su mutu ba, ƙaura suka yi. Da a bakin ƙofar ofishi suke tsayawa, yanzu sun buɗe shago da kwamfuta da firinta a tsallaken titi. Shafin da ake cike fam ɗin da Turanci yake, mai nema bai iya ba, sai ya miƙa tsohon fasfonsa da lambar NIN ɗinsa da kuɗinsa ga yaron shago. Wasu yaran masu amana ne, ladan aikinsu kawai suke karɓa, kuma ba don su ba da mutane da yawa ba su yi fasfo ba. Wasu kuwa su faɗa masa farashin da ya wuce na gwamnati nesa, su ce akwai na gaggawa, akwai na oga a ciki, su sa lambar wayarsu da adireshinsu na imel a madadin nasa, ta yadda duk saƙon da hukuma ta aiko su zai iske. Daga nan mutum ya zama nasu, sai abin da suka ce masa. Wanda bai san farashin gaskiya ba, ta ina zai san an cuce shi? A rubuta farashin da manyan baƙaƙe a bangon kowane ofishi da Hausa da Yarabanci da Ibo da sauran harsunan yankin, har da ajami inda ake karanta shi. A fassara fam ɗin. A ajiye tebur a cikin harabar ofishin inda ma'aikacin hukuma, mai suna a ƙirji, zai cike wa wanda bai iya ba a kan kuɗi sananne da rasit.

Yanzu na zo inda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato saɓanin suna. Mafi yawanmu a Arewa ba mu taso da sunan dangi da ake gada kaka da kakanni ba. Mutum sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci malamin firamare ya liƙa masa sunan garinsu don ya bambanta Musa uku da ke aji ɗaya. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari duk da sunayen garuruwansu duniya ta san su. Fam ɗin gwamnati kuwa gida uku yake da shi, na dangi da na farko da na tsakiya, kowane magatakarda kuma yadda ya ga dama yake raba sunayenmu a ciki. Ga bambancin rubutu. Suna ɗaya ne, amma wani ya rubuta Muhammad, wani Mohammed, wani Muhammadu, wani ya gajarta shi. A'isha ta zama Aishatu a wata takarda, Abdullahi ya rasa harafinsa na ƙarshe a wata.

Da aka ce a haɗa layukan waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, mutane suka yi cincirindo a cibiyoyin rajista don gudun kada a rufe musu layi. Masu buga bayanai suna gaggawa, abin da kunnensu ya ji shi suka rubuta. Wanda aka haifa a gida, babu takardar asibiti, aka tambaye shi ranar haihuwa ya ce shekarar da aka yi fari ce, sai aka ƙiyasta masa shekara aka sa 1 ga Janairu. Ba wanda ya karanta masa abin da aka rubuta, shi ma bai san ranar da zai bukaci hakan ba. Yau ga shi ya zo sabunta fasfo, doka ta ce sai bayanan fasfo sun dace da na NIN, na'ura ta ce ba su dace ba. Sai a tura shi NIMC, daga can kotu ya yi rantsuwa, wataƙila har da sanarwa a jarida, ya biya nan ya biya can, ya zauna jiran gyaran ya bayyana a na'urar shige da fice. Tafiyar da ya shirya ta wuce. Alhali tsohon fasfon da ke hannunsa gwamnati ce ta buga shi, takardar NIN ɗin ma gwamnati ce ta buga ta. Ma'aikatanta biyu ne suka saɓa wa juna, shi ake ci tara.

Ban ce a buɗe ƙofa ga kowa ba. Akwai masu rage shekaru don neman aiki ko wasan ƙwallo, akwai masu sauya suna don an kore su daga wata ƙasa, akwai waɗanda ba 'yan Najeriya ba ne suke neman fasfonmu. Waɗannan a tsananta musu bincike. Amma tsakanin mai sauya Garba ya koma John da wanda aka rubuta wa Mohammed a nan Muhammad a can, akwai tazara, kuma yatsa yana raba gardama cikin daƙiƙa. A 2023 aka mayar da NIMC ƙarƙashin ma'aikatarka, saboda haka ka san hukumomin biyu ciki da waje. Abin da nake roƙo shi ne a ajiye jami'in NIMC a kowane ofishin fasfo, da ikon gyara saɓanin harafi da jerin suna nan take, muddin zanen yatsan ya tabbatar mutum ɗaya ne, kuma ba tare da an caje shi kuɗin kuskuren da ba shi ya yi ba. An riga an sauƙaƙa wa matan aure masu sauya suna, aka ce ba sai sun je Abuja ba. Wannan ma irinsa ne.

Akwai kuma wata asara da ba a cika lissafa ta ba. Ƙasashe da dama, ciki har da Saudiyya, ba sa karɓar fasfon da bai da sauran wata 6. Kamfanin jirgi ma tun a filin tashi zai mayar da mutum. Ashe fasfon shekara 5 na wata 54 ne a aikace. Mai hali ya sayi na shekara 10, ya yi asarar wata 6 sau ɗaya. Talaka da ba zai iya fitar da 200,000 a dunƙule ba ya sayi na 5 sau biyu, ya yi asarar shekara guda, ya yi ɗawainiyar ofishi sau biyu, kuma in an ƙara kuɗi a tsakani shi zai fara biya. Ingila ta daɗe tana ƙara wa sabon fasfo watannin da suka rage a tsohon, har zuwa wata 9, kafin ta daina a 2018. Tasu matsalar ita ce fasfon yakan haura shekara 10. Namu na shekara 5 ko an ƙara masa wata 6 bai je kusa da wannan iyaka ba. A mayar wa mai sabuntawa da wuri watanninsa. Kuma a duba yiwuwar fasfo mai shafi 32 na shekara 10 a kan farashi matsakaici, domin mafi yawan mutanenmu fasfonsu yakan mutu da shafuka fiye da 20 farare tas. Ɗan kasuwar Kantin Kwari mai zirga-zirgar Sin da Dubai shi ke bukatar shafi 64, ba hajiyar da ta je Makka sau ɗaya ba.

Jami'ai sukan ce laifinmu ne, ba ma duba fasfo sai tafiya ta taso, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Gaskiya ne. Da yawa daga cikinmu in an dawo daga Hajji sai a naɗe fasfo a leda a jefa ƙasan akwati, ba a sake tunawa da shi sai an biya kuɗin kujera. Amma gwamnatin da ta tilasta haɗa kowane layin waya da NIN, ta haɗa NIN da fasfo, tana da lambar wayar kowannenmu da ranar da fasfonsa zai cika. Kamfanin waya yana tuna mini datata za ta ƙare gobe. Saƙo biyu kawai ake bukata, ɗaya saura shekara, ɗaya saura wata 9, da Turanci da harshen yankin mutum. A shekarun 2023 da 2024 Saudiyya ta ware wa Najeriya kujerun Hajji 95,000, kuma yanzu tana rufe karɓar bayanan maniyyata tun da sauran watanni. Kowace shekara sai an ga cunkoson maniyyata a ofisoshin fasfo a ƙurarren lokaci, a nan ne kuma kasuwar na goro take ci. In ma'aikatarka ta zauna da Hukumar Alhazai ta Ƙasa da hukumomin alhazai na jihohi, aka duba fasfon maniyyaci tun ranar da ya fara ajiye kuɗi, da cunkoson ya bazu a cikin shekara.

Kada kuma a manta da 'yan uwanmu na waje waɗanda ba a Landan ko Toronto suke ba. Akwai ma'aikata da ɗalibai a Makka da Madina da Jidda, waɗanda takardar zamansu ba ta sabuntuwa sai da fasfo mai rai. Akwai ɗalibai a Misira, da waɗanda yaƙin Sudan ya tarwatsa tun Afrilun 2023. Akwai 'yan kasuwa a Akara da Kumasi da Yawunde da Njamena. Su dala 150 ko 230 suke biya, kuma jinkirin wata biyu a wurinsu yana iya zama tara ko kamu ko rasa aiki. Duk sauƙin da aka fara gwadawa a kan mazauna Kanada, su ma suna da haƙƙi a kansa, kuma sun fi bukatarsa.

A 2021, zamanin Minista Rauf Aregbesola, aka ce sabon fasfo mako 6, sabuntawa mako 3. Kai ma ka yi alƙawarin gajarta lokacin, an kuma yi maganar kai wa mutum fasfonsa har gida. Alƙawarin da aka yi a taron manema labarai, mai nema ba shi da inda zai kama shi. A buga ranar karɓa a jikin rasit ɗin da ake ba mutum bayan ɗaukar hoto. In ranar ta wuce, saƙo ya iske shi da dalili da sabuwar rana. In jinkirin ya haura wata guda ba da laifinsa ba, a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Duk ƙarshen wata kuma a fitar da alƙaluman kowane ofishi, nawa aka karɓa, nawa aka bayar, kwana nawa aka ɗauka, jama'a su gani da idonsu wane ofishi ke aiki. Tunda bugawa ta koma wuri ɗaya a Abuja, alƙaluman suna gabanka.

Ranka ya daɗe, na san wasu daga cikin waɗannan sai an yi kasafi, wasu sai an zauna da wasu hukumomi. Amma saƙon tunatarwa ta waya da teburin gyaran suna ba sa jiran majalisa, umarninka kaɗai suke jira. Ina roƙonka ka ba da shi kafin hukumomin alhazai su fara karɓar fasfon maniyyatan baɗi.

Allah ya yi maka jagora. Ka huta lafiya.

Naka da girmamawa,
Wani malamin makaranta mai riƙe da koren fasfo,
Zariya.